Wata shida ina jan kifin roba a tekun Tema

Ni ɗan Sarkawa ne daga Yawuri, da tana da ƙananan kifi na koyi ɗana fatsa. Gyaran injin jirgi ya kawo ni Tema, garin bakin teku a ƙasar Gana, kuma a nan na fara ganin ana ɗaura wa ƙugiya kifin roba a ja shi a bayan jirgi. Da na ba kawuna labari a waya, dariya ya yi ya ce, "Kai ɗan nan, kifin da zai haɗiyi roba ai ba yunwa ke damunsa ba, wauta ce." To, wata shida ke nan ina bin wani maigidana mai ƙaramin jirgi duk Asabar, kuma da kuɗina na sayi koto iri uku na gwada.

Mai tsadar shi ne Rapala X-Rap Magnum 30, na kamfanin ƙasar Finlan. Tsawonsa santimita 16, yana da dogon leɓe a gaba wanda ke sa shi nutsewa har wajen mita 9 ba tare da an ɗaura masa darma ba. Abin da ya burge ni shi ne tafiyarsa. Mukan ja a gudun kilomita 12 zuwa 15 a awa, kuma ko maigida ya ƙara wuta ba ya kifewa, ba ya tasowa sama. Kan sandar fatsa za ka ga yana ta karkarwa a jere. Da karkarwar ta tsaya, ka san ya kwaso ciyawa ko leda. Ranar da rana ta take, kifi ya yi ƙasa, shi kaɗai ya kawo mana tuna (wani babban kifin teku) mai rawayan fiffike, wadda sai da muka haɗu mu biyu kafin ta shigo jirgi. Na cire masa ƙugiyoyinsa masu baki uku na sa masu baki ɗaya, don tuna idan ta hau jirgi birgima take kamar ba gobe, ni kuma da yatsuna nake cin abinci.

Da na ga ya yi, sai rowa ta kama ni. Na je kasuwa na sayi wasu masu kama da shi, marasa suna, biyar a kuɗin ɗaya. A ido har sun fi shi sheƙi. A ruwa kuwa, biyu juyawa suka riƙa yi kamar farfela har suka murɗe mini zare. Na uku ya yi tafiya daidai, kifi ya kama, kekena na naɗe zare ya yi ta kuka, can sai na ji sakayau. Da na naɗo, zoben da ke riƙe ƙugiya ya buɗe kamar an sa filaya. Maigida ya dube ni ya ce, "Injiniya, araha ba ta ado." Ban ce komai ba.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne mafi muni a cikinsu: guntun icen wata bishiya da ake kira sida, mai siffar sigari, kai na darma, ƙugiya ɗaya a wutsiya. Ba ido, ba fenti. Wallahi da a ƙasa na gan shi ba zan ɗauka ba. Mukan sake shi nesa, can bayan kumfar inji, yana fizgar dama da hagu kamar ƙaramin kifin da ya ruɗe. Duk inda muka hango tsuntsaye na faɗawa ruwa, muka kewaye garken kifin ta gefe (kar ka ratsa tsakiya, za su nutse), shi ake fara kamawa. Ƙananan tuna masu zane a ciki, irin waɗanda ake sawa a gwangwani a masana'antun Tema, ya kama su fiye da sauran duka a haɗe. Yanzu jikinsa duk sawun haƙori ne, kuma ban ga ya rage ci ba.

Batun launi da masu sayarwa ke cika baki a kai, ni dai ban ga wani bambanci ba. Gudun jirgi da nisan koto su ne ke aiki. Abin da ya ci mini kuɗi shi ne barakuda, wani dogon kifin teku mai kaifin haƙora. Tuna ido gare ta, tana gudun wayar ƙarfe, don haka zaren roba mai kauri nake ɗaurawa a gaba, barakuda kuma yanke shi take kamar da reza. Haka na rasa Rapala na farko a wata na huɗu. Na sake sayen wani, na ƙara icen sida uku. Idan mun dawo nakan wanke su da ruwan famfo in shanya kafin in ci abinci, don gishirin teku kwana biyu ya ishe shi ya fara cin ƙugiya.