Yawon bin sawun matan leƙen asiri a Landan: ya ci kuɗinsa, amma da sauran rina a kaba

A Landan akwai masu zagayawa da baƙi a ƙafa suna ba su tarihi, kowa da fanninsa. Wanda na shiga an tallata shi da sunan bin sawun matan da suka yi leƙen asiri da aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Rabin tallar gaskiya ne. 'Yan leƙen asirin an ba su haƙƙinsu, sojojin kuwa gaisuwar tsaitsaye aka yi musu.

A titin Baker muka haɗu, gaban gida mai lamba 64, hedikwatar SOE, hukumar sirrin da gwamnatin Churchill ta kafa a 1940 don yi wa Jamus zagon ƙasa a ƙasashen da ta mamaye. Ginin ba abin kallo sai ɗan allo a bango. Jagorarmu ce ta sa masa rai, wata dattijuwa mai sanyin murya da ba ta duba takarda. Ta ce mata 39 sashen Faransa ya tura, 13 ba su dawo ba. Ta kuma faɗi dalilin ɗaukar mata: samarin Faransa ana kwashe su aikin tilas a Jamus, don haka saurayi mai yawo abin tuhuma ne, amma mace a kan keke da kwandon cefane ba mai kallonta sau biyu.

Inda kuɗina ya fita shi ne dandalin Gordon, wurin mutum-mutumin Noor Inayat Khan da aka ƙaddamar a 2012. Musulma ce, 'yar wani malamin Sufaye ɗan Indiya, an haife ta a Mosko a 1914. A watan Yunin 1943 aka sauke ta Faransa da sunan Madeleine, ita ce mace ta farko da SOE ta tura can aikin aika saƙonnin sirri ta rediyo. Jagorar ta miƙo mana hoton akwatin rediyon, nauyinsa ya haura kilo 13, ta ce mu ƙaddara muna jan sa daga wannan ɗakin haya zuwa wancan, motocin Jamusawa masu gano sigina suna kewaya unguwa. Abokan aikinta aka yi ta kamawa, ita ta ƙi komawa gida. A watan Oktoba aka ci amanarta, ta sha watanni cikin sarƙa a kurkukun Pforzheim, aka kashe ta a sansanin fursunoni na Dachau a Jamus ranar 13 ga Satumba 1944. Jagorar tamu ba ta ƙara wa labarin gishiri ba, har kuskuren Noor na adana kwafin saƙonninta, wanda Jamusawa suka yi amfani da shi, sai da ta faɗa. Wannan ya burge ni.

Daga nan abin ya fara sauri. A Whitehall akwai abin tunawa da matan yaƙin, na 2005, kayan aiki 17 rataye babu fuskar kowa. Nan ne ya dace a baje labarin matan ATS, reshen mata na sojan Birtaniya, waɗanda ke auna wa bindigogin kakkaɓo jiragen sama saiti amma doka ta hana su harbawa. Jimla biyu aka yi musu aka wuce. Pearl Witherington, wadda ta jagoranci mayaƙan sa-kai sama da dubu a Faransa, ta kuma ƙi karɓar lambar yabon farar hula, sai da na tambaya aka ambace ta. Lyudmila Pavlichenko ta Tarayyar Sobiyat, gwanar harbi da ta harbe sojan abokan gaba 309, ta zo Ingila a 1942, ko sunanta bai fito ba. Ga ƙarar motoci, ga jagora ba lasifika, na baya sai dai ya ga baki na motsi.

An ƙarasa a bakin kogin Thames, gaban mutum-mutumin Violette Szabo, 'yar leƙen asirin SOE da aka kashe a sansanin Ravensbrück a Jamus a 1945 tana da shekara 23. Tafiyar da nisa, kuma kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa daga aljihunka zai fita, tallar ba ta faɗa ba. A sa takalmi mai daɗin tafiya, a matsa kusa da jagora, ƙananan yara kuma a bar su gida saboda bayanin sansanonin.