Machine Head ko Made in Japan: wanne ya fi fito da labarin Smoke on the Water?

Ɗan'uwa, tunda faifai ɗaya kuɗinka zai saya, cikin waɗannan faya-faye biyu na ƙungiyar mawaƙa Deep Purple, Machine Head na 1972 za ka ɗauka, domin shi kansa faifan yana cikin labarin da waƙar Smoke on the Water ke bayarwa.

Baitocin ba su da wata ɓoyayyiyar ma'ana, rahoto ne na abin da ya auku. Ƙungiyar Deep Purple ta je garin Montreux na ƙasar Suwizalan da motar ɗaukar sauti da ta yi haya daga ƙungiyar mawaƙa Rolling Stones, da niyyar yin aiki a gidan cacar garin. Ranar 4 ga Disamba 1971, mawaƙi Frank Zappa yana tsakiyar wasa a wurin, sai wani ɗan kallo ya harba bindigar wutar neman agaji zuwa rufin, ginin ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya lulluɓe tafkin Geneva. Daga wannan hayaƙi Roger Glover, ɗaya daga cikin 'yan Deep Purple, ya samo sunan waƙar. Claude da ake ambata a ciki kuwa shi ne Claude Nobs, wanda ya yi ta fitar da matasa daga gobarar, kuma ya nema wa mawaƙan wani wurin. Da maƙwabtan wannan sabon wurin suka kai ƙarar hayaniya, sai suka ƙarasa aikin a lungunan Grand Hotel, wanda ba kowa a cikinsa lokacin hunturu.

Nawa faifan garmahon na gada ne daga kawuna, wanda ya zo da shi daga karatu a Ingila. Yakan buɗe kwalin ya nuna mini hotunan ciki ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da allura farkon kowane baiti har sai na gane maganar.

Made in Japan, wanda aka ɗauka a wasanninsu na Osaka da Tokyo a Agustan 1972, shi ma ina da shi; kiɗan yana da zafi, amma ihun jama'a ba ya koya wa mutum komai game da gobarar.

Ka yi hattara da masu sayar da tsofaffin faya-faye a intanet. Wasu sukan saka bugun baya-bayan nan a cikin tsohon kwali su kira shi na asali, su ninka farashi. Kada ka tura ko sisi sai an nuna maka hoton tambarin tsakiyar faifan da cikin kwalin, an kuma kunna maka shi a bidiyo ka ji ko yana tsalle.