Garejin mai wayarin a unguwar Yelwa ta Garwa: ya auna kafin ya taɓa komai

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ke haura digiri 40 da rana, tsohuwar motata mai giyar hannu ta fara ƙin tashi. Idan na murza mukulli sai in ji "ƙas" sau ɗaya daga wajen injin, daga nan shiru, amma da zarar yaran unguwa sun tura ta sai ta kama kamar ba abin da ya same ta. Wurin da na fara kai ta, ko mita ba a ɗora mata ba aka ce batir ne ya mutu, na sayi sabo, ta yi kwana tara tana tashi, sannan matsalar ta dawo ranar wata Lahadi da na shirya zuwa kasuwar Pitowa. Da na koma sai aka ce to demare ne, wato na'urar da ke juya injin idan an murza mukulli, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira kik, kuma sai an canza shi ɗungurungum. Wani maƙwabcina da ke tuƙa motar ɗaukar auduga shi ya hana ni biya, ya kwatanta mini garejin wani dattijo mai wayarin a unguwar Yelwa.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai buɗe bonet ba sai da ya yi mini tambayoyi. Bayan mun gaisa ya ce, "Alhaji, injin yana juyawa ya ƙi kamawa ne, ko kuwa ba ya juyawa sam?" Ya bayyana mini cewa waɗannan cututtuka biyu ne daban. Idan injin yana juyawa, to a nemi laifin a mai ko fulogi, idan kuwa ba ya motsi, maganar ta koma kan hanyar da wuta ke bi daga batir zuwa demare. Ko a nan ma, in ji shi, kunne yana rage wa mai gyara rabin aiki. Shiru ɗungum yakan nuna fiyus da ya ƙone, ko rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunna shi, ko mazaunin mukulli, ko kuma, a mota mai canza giya da kanta, ɗan makunnin da ke hana ta tashi sai giya tana kan P ko N. Ƙara mai maimaituwa da sauri, "kar-kar-kar", yawanci batir ne ya yi sanyi ko kawunansa suka yi tsatsa. Ƙara guda irin tawa kuwa tana nufin umarnin mukulli ya isa demare, amma babbar wutar da za ta juya shi ba ta wucewa yadda ya kamata, ko dai don burushinsa ya cinye ko don wata waya ta lalace a hanya.

Daga nan ya ɗauko mita. Batirin a zaune ya nuna bolt 12.6, wanda shi ne cikakken caji. Ya sa na kunna manyan fitilu na murza mukulli, fitilun ba su dushe ba sai kaɗan, mitar ma ba ta sauka ƙasa da 12 ba. Ya ce batirin da ya gaji yakan faɗi ƙasa da 9.6 a daidai wannan lokaci, saboda haka nawa lafiyarsa ƙalau, kuma alamar ita ce babu abin da ke jan wuta daga gare shi sosai.

Gwajin da ya biyo baya shi ne wanda ban taɓa ganin wani ya yi ba a duk shekarun da na yi ina kai mota gyara, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Ya ɗora bakin mita ɗaya a kan batir na ɓangaren mas, wato mai alamar ragewa, ɗayan kuma a jikin ƙarfen injin, ya ce in sake murzawa. Wuraren nan biyu waya mai kauri ce ta haɗa su, don haka bai kamata bambancin da ke tsakaninsu ya kai ko rabin bolt ba. Mitar ta nuna fiye da bolt 5. Bai tsaya a nan ba, ya ɗauko wayar da ake jona batir da batir, ya maƙala ta daga kan mas kai tsaye zuwa jikin injin, na murza, motar ta tashi nan take. Da yaronsa ya shiga ƙasa ya kwance wayar mas ta asali, sai ga ta ta yi kore, fiye da rabin zarenta ya tsittsinke, mazauninta kuma ya cika da baƙin mai da ƙura.

Na tambaye shi, "Baba, to me ya sa turi yake tayar da ita?" Ya ce wutar da fulogi ke bukata kaɗan ce, 'yan zaruruwan da suka rage sun ishe ta, amma demare ko na ƙaramar mota yana jan amfiya fiye da 100 a lokaci guda, ba za su wuce ta wannan ƙaramar hanya ba. Sabon batirin da na saya ƙarfinsa ne kawai ya rufe asirin cutar na 'yan kwanaki. Ya ƙara da cewa idan aka bar irin wannan waya, wutar takan nemi hanya ta wayar totur ko ta kuloci, ta gasa su. Ban zargi masu saurin ɗora wa batir laifi baki ɗaya ba, domin zafin ƙasar nan yana ƙone ruwan batir ya rage masa kwana, kuma sau da yawa zaton nasu yakan yi daidai. Sai dai zato ya ci mini kuɗin batir guda, ya kuma kusa ci mini na demare.

Bayan ya sa sabuwar waya ya goge mazauninta har ƙarfen ya yi fari, sai ya auna caji da injin yana aiki, ya samu bolt 14.1, wanda ya faɗa cikin abin da ake so daga altaneta mai yi wa batir caji, tsakanin 13.8 da 14.4. Ya gargaɗe ni kada in riƙe mukulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 idan mota ta ƙi tashi, kuma duk ranar da zan cire batir in fara kwance ɓangaren mas. Kuɗin aiki da na waya duka jaka biyar na sefa na biya.

Wurin yana da nasa naƙasu. Fili ne matsattse, inuwarsa darbejiya ɗaya ce, kuma na yi kusan awa biyu kafin layi ya zo kaina. Ba ya ajiye kayan gyara, sai an tura yaro kasuwa a babur, ba ya kuma ba da rasit, abin da ba zai yi wa direban ma'aikata daɗi ba. Na ga ɗaya daga cikin yaransa ya ajiye sifana a kan batirin wata mota, wanda zai iya haɗa kawunan biyu ya tayar da tartsatsi, ko da yake maigidan ya tsawata masa nan take. Ba shi da kwamfutar duba sababbin motoci masu mukullin da ke da lambar sirri, kuma a gabana ya faɗa wa mai irin wannan mota ya nemi wani wurin, bai karɓi ko dala ba.

Tun daga ranar na je Marwa na dawo sau biyu, ba wanda ya tura ni. Na kai masa ƙanen matata da tasa motar mai ƙara irin tawa sak, ina ta gaya masa a hanya cewa wayar mas ce. Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauko mitarsa ya bi gwajin nan ɗaya bayan ɗaya, sai aka samu wayar lafiya lau, burushin demare ne ya cinye, shi kaɗai aka canza.