Turufal ɗin Faransa: a Birkiɗa a Hodar Koko ko a Tsoma a Cakulan?

Turufal wata alawar cakulan ce da ake mulmulawa ƙanana-ƙanana, kuma cikinsa iri ɗaya ne ko ta wace hanya aka bi. Ana tafasa giram 100 na kirim ɗin madara, a zuba shi a kan giram 200 na baƙin cakulan da aka yayyanka, a gauraya har ya yi santsi, sannan a bar shi a firji ya daskare kafin a mulmula. Inda ake rabuwa shi ne wajen suturar da za a yi masa.

Birkiɗawa a hodar koko, wato garin 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su, ita ce hanyar da Faransawa suka saba da ita, domin takan ba shi kamannin naman gwarin da ake tonowa a ƙasa, wanda daga gare shi ya samo sunansa. Ba ta buƙatar ma'aunin zafi, kuma ɗacin hodar yana rage maiƙon kirim ɗin. Aibinta shi ne turufal ɗin yakan yi laushi da zarar ya jima a wajen firji.

Tsomawa a narkakken cakulan kuwa tana neman haƙuri, saboda sai an narkar da shi zuwa kusan digiri 45 a ma'aunin Celsius, a sauke shi zuwa 27, a sake ɗumama shi zuwa 31, in ba haka ba ɓawon zai dusashe ya yi fari-fari. Idan an dace, ɓawon yakan yi ƙyalli ya kuma kare cikin.

A ganina, mai yi wa iyalinsa a gida hodar koko ta ishe shi, mai kai kyauta nesa kuwa gara ya tsoma.