Tafiya da sauri ko ɗaga ƙarfe: wanne ya fi wa jijiyoyin jini?

Alhaji, ka ce ka haura 50, likita ya ce jininka ya fara hawa, kana tambaya ko ka kama tafiya ko ka bi yaranka gidan ɗaga ƙarfe. In jijiya ce damuwarka, tafiya ce kan gaba.

Jijiyar yaro kamar sabon tiyo take, tana buɗewa in zuciya ta turo jini, ta koma. Shekaru na ja, sai ta sandare kamar tiyon da ya sha rana, shi ya sa lambar sama ta awon jini ke hawa wa dattawa. In ka ɗaga ƙafa da sauri, jini na gudu yana gogar bangon jijiyar ta ciki, bangon kuma ya fitar da sinadarin naitirik oksaid, wanda ke sa ta saki jiki. Kullum aka yi, tana ƙara sabawa. Tun 1953 likita Jeremy Morris ya lura a motocin bas masu bene na Landan cewa kwandastoci, masu yini suna hawa da sauka, ciwon zuciya bai kama su kamar direbobin da ke zaune ba. Mota ɗaya, hanya ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako. Wato aƙalla minti 30, kwana biyar. Amma ba tafiyar zuwa majalisa ba, ana tsayawa gaisuwa kowace ƙofa. Wadda za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga ake nufi. Bayan Asuba ta fi daɗi, kafin rana ta buɗe.

Ƙarfe kuwa aikinsa daban. Yana riƙe tsokar da tsufa ke zaftarewa, tsoka kuma ita ke shanye sukarin jini, sukari mai yawa kuwa cin bangon jijiya yake. Kwana biyu a mako ya isa. Inda nake jin tsoronsa shi ne yadda samari ke yi, a cije leɓe a riƙe numfashi a fizgi nauyi. Nan take jini ke tashi sama sosai. Kai ka ɗauki mara nauyi, ko galan biyu na ruwa, kana fitar da numfashi lokacin ɗagawa.

Maganin da aka ba ka dai kar ka ajiye. In kuma kana tafiya ka ji ƙirji ya ɗaure ko jiri, tsaya nan, ka koma wurin likitan.