FIDA ko Legal Aid: ina mai neman haƙƙin 'ya'yanta za ta fara zuwa?

Tambayar 'yar'uwarmu daga Kano ita ce: miji ya sake ta da baki ya ƙi rubuta takarda, wata takwas bai aiko wa yara uku ko ƙwayar hatsi ba, yanzu kuma yana cewa zai kwashe su ya kai wa mahaifiyarsa. Ba ta da kuɗin lauya. Wasu sun ce ta je FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, wasu sun ce Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali a shari'a.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya kawo miki mafita. FIDA za ki je.

Dukansu biyu ba sa karɓar kuɗin aikin lauya a hannun marar hali. Inda suka rabu shi ne irin shari'ar da kowanne ya saba da ita. FIDA ƙungiyar lauyoyi mata ce, tana Najeriya tun 1964, tana da rassa a jihohi har da Kano, kuma mata da ƙananan yara kawai take tsaya wa. Saki, ciyarwa, riƙon yara, gado, korar mace daga ɗaki, da su suke kwana da su suke tashi. Ranar farko za a zaunar da ke a buɗe miki fayil, ki yi bayani da Hausarki, sannan lauya ta shiga yi miki tambayoyin da ba ki zata ba. Yaushe aka ɗaura auren, nawa ne sadakin, wa ya yi miki walicci? Da wane lafazi ya yi sakin, wace rana, wa da wa ke tsakar gida suka ji? Saki na nawa ne wannan? Kina da ciki a lokacin? Daga nan yawanci sai su rubuta masa takardar gayyata zuwa zaman sulhu. Magidancin da ya raina kiran liman, ya ƙi amsa na mai unguwa, sau da yawa idan ya ga takarda da hatimin lauyoyi sai ga shi da babbar riga, kawunsa na biye da shi. Idan sulhu ya ƙi, su ba ki wadda za ta tsaya miki a kotu.

Sai dai ki sani sa-kai suke yi, kowacce da ofishinta da shari'unta na neman abinci, don haka sai kin riƙa bibiya. Kuɗin shigar da ƙara, na kai sammaci da na mota sukan faɗo kanki. Ki tambaya tun ranar farko me ke kansu me ke kanki, ki karɓi lambar wadda aka danƙa wa fayil ɗinki. In ba ki san ofishinsu ba, ki tambaya a ma'aikatar shari'a da ke Sakatariyar Audu Bako ko a ma'aikatar mata.

Legal Aid kuwa hukumar gwamnatin tarayya ce, an kafa ta a 1976, dokar 2011 take aiki da ita yanzu, kuma wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba take taimaka wa, wato naira 70,000 a wata tun 2024. Kin cancanta, ba musu. Amma lauyoyinta kaɗan ne, kuma nauyin aikinsu yana kan shari'un laifi da mutanen da ke jiran shari'a a gidan yari. A rikicin aure, shawara da sulhu za ki fi samu. Ki ajiye ta sai in maganar ta kai ga 'yan sanda, misali ya yi miki sharrin kwashe kayansa, ko ya sa aka tsare ɗan'uwanki. Namiji marar hali da yake neman ganin 'ya'yansa ma can ya kamata ya nufa.

Wani zai ce kotun shari'ar Musulunci ai ba dole sai da lauya ba. Gaskiya ne. Za ki iya zuwa wurin rajistara da kanki ki faɗi ƙararki a rubuta, a ba da sammaci, ki tsaya gaban alƙali ki yi magana da bakinki. Abin da lauya za ta tsare miki shi ne tsarin da'awa, domin a nan mata suke faɗuwa. Alƙali abin da aka nema yake hukunci a kai. Idan kika shiga kika zube masa labarin shekara goma na zaman haƙuri, sai a ƙare zama ba a rubuta abin da kike so ba. Da'awarki uku ce, kowacce daban.

Ta farko tabbatar da saki. Idan ya amsa a gaban alƙali, magana ta ƙare, kotu za ta ba ki takarda. Idan ya musa, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi sai da shaidu biyu maza adilai da suka ji. Babu su, a idon kotu ke matarsa ce har yanzu. To a nan ne gwaninta ke aiki: sai a juya da'awar a ce, tunda ya ce matarsa ce, ina ciyarwar wata takwas? Alƙali zai ba shi wa'adi ya ciyar, in ya kasa ko ya ƙi, a raba auren ba tare da kin mayar da ko kwabo ba. Wadda ba ta sani ba, saboda gajiya, sai ta ce ita dai a raba su ko ta halin ƙaƙa, sai a rubuta hul'i. Hul'i kuwa ke za ki fanshi kanki, ki mayar da sadaki ko abin da aka daidaita. Mafi muni, wasu mazan sukan sa sharaɗin ki bar musu yaran ko ki ɗauke musu ciyarwa a matsayin fansar, kuma in kin amsa a gaban kotu ya hau kanki. Kada kalmar hul'i ta fito daga bakinki sai lauyarki ta ce babu wata ƙofa. Duk saƙon waya ko muryar da ya aiko yana ambaton sakin, ki adana, ki tura kwafi wayar wani amintacce. Sau da yawa da an karanta masa su yake daina musu.

Ta biyu riƙon yara. Uwa ce a gaba: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasa haƙƙin, mahaifiyarta ce ke biye, sannan 'yan'uwan uwa mata, kafin a zo kan kakar wajen uba da yake son kai wa. Abin da ya fi ƙwace riƙo a hannun uwa shi ne sabon aure da wanda ba muharramin yaran ba, idan ta tare, ko a tabbatar wurin da take ba amintacce ba ne. Talauci ba ya cikin dalilan, tunda ci da sha da sutura a kan uba suke ko a ina yaran suke kwana. Don haka in ya ce ba ki da abin riƙe su, ya kawo hujja ne a kan kansa.

Ta uku ciyarwa, kuma ita ce ba a jinkirta ta. Kuɗin ciyar da yara na kwanakin da suka wuce yana iya zubewa idan babu hukuncin alƙali a kai, sai fa in kin nuna kin kashe ne da niyyar ya biya ki, ba kyauta ba. Kowane wata da kike zaune kina jiran ya ji kunya, asara ce. Ki je da lissafi a rubuce, kada ki ce "abin da ya sawwaƙa". Kwano nawa na masara da shinkafa yaran ke ci a wata, man girki kwalba nawa, cefane na kullum, sabulu da omo, gawayi ko gas, kuɗin makarantar boko a zango, na Islamiyya a wata, magani, ɗinkin Sallah biyu, haya in haya kike. Alƙali da gwargwadon ƙarfin uba yake yankewa, shi ya sa ake son ki san sana'arsa: ma'aikata da matakin albashi, ko lambar shago da layin kasuwa, ko adaidaita-sahu nawa yake da su a titi. Wanda ya zo kotu da tsohuwar riga yana kukan babu, irin wannan bayani ne ke tona shi.

Hisba fa? Tana da saurin kira, tana da ofis a ƙananan hukumomi, kuma ana jin nauyinta. Amma ba kotu ba ce: ba ta raba aure, ba ta kama dukiyar wanda ya saɓa alkawari. Ko a Hisba aka yi sulhu, ko a FIDA, ko a zauren mai unguwa, ki nemi a kai yarjejeniyar gaban alƙali ya mayar da ita hukunci. A rubuta adadin kuɗin, ranar biya a wata, asusun bankin da za a tura, wa zai biya makaranta da asibiti, da ranakun da zai ga 'ya'yansa. Ta banki ake so, saboda kuɗin hannu da hannu shi ke kawo "na ba ki", "ba ka ba ni ba". Da hukunci a hannu, in ya daina biya kotun da ta yanke za ki koma ta tilasta masa, har da kama kayansa.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da dillalan bakin kotu. Za ki gan su a gindin bishiya ko kusa da masu buga takardu, da fayil a hammata. Da sun ga mace da goyo tana waige-waige sai su taso: "Hajiya, wace kotu? Ai alƙalin namu ne, kawo na goro a gama miki yau." Ƙarya ce, kuɗin a aljihunsa zai tsaya, kuma kin shiga laifin ba da cin hanci. Akwai kuma masu baƙar kwat da ba lauyoyi ba. Lauya na gaskiya yana da ofis, yana da lambar rajista ta Kotun Ƙoli, kuma takardun da yake shigarwa suna ɗauke da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da sunansa a jiki. Wanda ya ce daga FIDA ko Legal Aid yake, sannan ya nemi kuɗin fom a bakin titi ko ta waya, ki wuce shi ki shiga ofishin da ƙafarki. Duk abin da kika biya a kotu ki karɓi rasit. Takardunki na asali kuma kada su kwana a hannun kowa: ki yi kwafi uku na takardun haihuwar yara, shaidar aure in akwai, rasitan makaranta da na asibiti, ki riƙa ba da kwafin.

Abin da ya fi jan shari'a irin taki shi ne sammaci bai isa hannun miji ba. Ki ba masinjan kotu kwatance cikakke, gida da wurin aiki da lokacin da ake samunsa, in da hali wani namiji daga gidanku ya raka shi ya nuna. In yana ɓuya, a roƙi kotu ta ba da izinin liƙa sammacin a ƙofar gidansa ko a bi ta hannun mai unguwa. Ke kuma kada ki yi fashin zama ko ɗaya, domin mai ƙara in ba ta zo ba ana iya korar ƙarar. Ranar da aka yanke hukunci ki nemi kwafin shari'a nan take. In bai yi miki ba, kwana 30 gare ki na ɗaukaka ƙara zuwa kotun gaba, kuma daga ranar hukuncin ake fara ƙirgawa.