Garejin maigida ko cibiyar koyon sana'a?

Ƴan'uwanmu Fulani da Buzaye daga Dakoro da Bermo suna yawan tambaya: yaron da ya bar kiwo ya shigo Maradi, ina za a kai shi?

Wajen maigida, ko bakanike ko tela, ba a biyan kuɗin shiga. Goro kawai ake kaiwa. Yaro na samun na abinci, Hausarsa ta zauna, ya san masu kawo aiki. Amma sai da wanda zai tsaya masa, kuma baƙo ba ya rasa wahala a nan. Yana iya shekara yana wanke ƙarfe da zuwa aike kafin a bar shi ya taɓa inji. Ranar yaye kuwa tana hannun maigida.

Cibiyar koyon sana'a ta gwamnati, wadda ake kira CFM, tana da lokacin gamawa da takardar shaida, wadda kamfanoni da ƙungiyoyi ke nema. Sai dai ci da kwana suna wuyan iyaye, kuma wanda bai yi lakwal ba, darasin rubutu zai ba shi wuya.

Mai ɗan karatu da dangi a gari, cibiya ta fi masa. Wanda aljihunsa zai ci da shi tun yau, ya nemi maigida mai amana.